Hoton Kawu Dodo da Ragama a Hannu

Yamai, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Yaya Hassana, malamar lakwal, makarantar boko ta Ollelewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Aliyu da yara. Yaya ƙarfin jikin Kawu Dodo? Mu nan lafiya lau, sai Inna Yagana da ciwon sukarin nan nata, amma tana shan magani, tana cin abinci. Ta ce in gaishe mata da ɗan'uwanta, ta ce ya manta da ita tun da aure ya raba ta da Damargu.

Na kira ki har na gaji, rezon wayarku sai an hau tudu. Shi ya sa na ba Bashir direba wannan takarda, tunda zai koma ɗaukar wake.

Yaya, labari ya iso mu cewa bayan kaka za ku yi sukuwar dawaki don a tara abin gina ɗakin haihuwa a likitar garinku, wato asibiti, kuma Kawu ne shugaban kwamitin. Ƙungiyar agajin da nake yi wa aikin ɗaukar hoto ta yarda in zo. Wannan ne karo na farko da za su aike ni ni kaɗai, kuma ina so in nuna musu garin kakannina. Ki roƙar mini Kawu abu biyu: wurin kwana, da izinin shiga fili da na'urata. Ƙa'idar aikinmu ita ce duk wanda fuskarsa ta fito sai ya sa hannu a takarda, amma wannan ba wani abu ba ne, zan yi bayani in na zo.

Ƙanenki, Abdulgafar.

*

Ollelewa, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Abdulgafar.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Hatsi ya yi kyau bana, gyaɗa ce ba ta yi auki ba. Allah ya ba Gwaggo Yagana sauƙi. Baba ya ce ka gaya mata wadda ta tafi ita ce ta manta, shi yana nan inda ta bar shi.

Na karanta masa takardarka. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Yagana ne ke neman izini a gidana? Gida gidansa ne, fili filinsa ne, ya ɗauki abin da ya ga dama." To ka ji. An share maka ɗakin zaure.

Mahaya za su zo daga Gangara da Belbeji, har da wasu Buzaye daga arewa. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Baba zai ba da Bidi. Ka tuna Bidi, dokin da ya kayar da kai cikin gyaɗa shekarar da kuka zo suna? Bayan an gama sukuwa za a yi gwanjonsa a gaban jama'a, abin da ya kawo duka na ginin ne. Mun yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ka san yadda Kulu matar yayanmu ta rasu bara, a kan amalanke, a hanyar Tanut, da ɗa a cikinta. Baba ne ke tafe a gaban amalanken bisa Bidi yana nuna hanya. Tun ranar bai sake ɗaura masa sirdi ba. Ya ce dokin da bai iya kai ta ba, to ya zama bulo da kwano, kada wata ta sake bin hanyar.

Ka zo da maganin sauro. Sai mun gan ka.

Yayarka, Hassana.

*

Ollelewa, tsakiyar Disamba

Ƙanena Abdulgafar,

Ina fatan ka sauka lafiya, ka tarar da Gwaggo da sauƙi. Mu nan kowa lafiya, gajiyar taro ce kawai ba ta sake mu ba. Mutane har yanzu suna maganarka, yadda ka kwanta rub da ciki a gaban dawaki, matan Gangara suna salati.

Bari in fara da albishir, amma kai kaɗai. Sufeto ya kira ni gefe ya ce sunana ne aka sa a matsayin diraktiris, shugabar lakwal ɗinmu, in an koma badi. Ko Aliyu ban gaya wa ba, sai takarda ta fito. Na gaya maka ne don na kasa riƙewa, kai kuma kana nesa.

Yanzu ga saƙon Baba, ka karanta da kyau. Ya ce bayan Alhajin Belbeji ya saye Bidi an ja shi, shi ya zagaya bayan rumbuna, ya tuɓe babbar riga da rawani saboda zafi, ya zauna a ƙasa da tsohuwar taguwa, ragamar Bidi a hannunsa. Ya ce ya yi kuka, bai ɓoye mini ba. Da ya ɗaga kai sai ya gan ka a jikin darni da na'ura a fuska. Bai yi maka magana ba don kada ya ba ka kunya a ranar aikinka. Amma ya ce wannan hoton ka goge shi. Na sukuwa, na gwanjo, na lokacin da yake miƙa linzami ga Alhaji, duk ka yi yadda kake so da su. Na bayan rumbu kuwa bai yarda kowa ya gani ba, har mu 'ya'yansa.

Sannan takardar da ka sa ya dangwala wa yatsa da safe, ta mece ce? Ya ce ka ce ta sunayen mahalarta ce. Da ka jira na dawo daga wurin girki da na karanta masa, tunda da Faransanci take.

Ka ba ni amsa ta hannun Bashir.

Hassana.

*

Ollelewa, watan Maris

Abdulgafar,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita. Ina fatan Gwaggo ma haka.

Na jira amsarka har na daina tambayar Bashir. Yanzu ta iso, amma ba ta hannunsa ba.

Ranar kasuwar Tanut Baba ya je sayen ƙofofin ginin. Yana tsaye wurin masu ƙarfe, wani ɗan kasuwa da bai taɓa gani ba ya kama hannunsa ya danƙa masa kuɗi, ya ce, "Baba, ga wannan a sayi hatsi, mun gan ka a talho. Allah ya yaye." Baba ya ɗauka mutumin ya kama shi da wani ne. Sai mutumin ya ciro talho, wayarsa ta hannu, ya nuna masa.

Shi ne. A ƙasa, ba rawani, taguwa a yage a kafaɗa, hawaye a gemu, ragama ba doki. An kawo mini hoton a wani talho na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashi, kuma dole ta sa na fassara masa da bakina: "Fari ya cinye masa komai. Dokinsa na ƙarshe ya sayar don iyalinsa su ci. Ku taimaki Damargu." Ga sunan ƙungiyarku, ga sunanka ƙanana a gefe.

Wane fari, Abdulgafar? Kai da ka ci tuwon sabon hatsi a gidanmu har ka kwance ɗamara? Rumbunan da ke bayansa a hoton cike suke, an dai yanke su ne don kada su fito.

Ka san abin da ya biyo baya? Alhajin Belbeji ya aiko ɗansa da Bidi, da buhun hatsi a kan amalanke. Ya ce wallahi bai san yunwa ce ta sa aka sayar ba, da bai taya ba, a yafe masa. Bidi ya shigo gidan nan yana haniniya, ya nufi turkensa. Baba bai fito daga ɗaki ba. Daga ciki ya ce a maida doki ga mai shi, ciniki ya riga ya faɗa, ginin ma ya kai linta. Sai da maza uku suka taru kafin a fitar da shi.

Wasu kuma cewa suke Nasara sun biya Baba ya yi kukan, ya ci shi kaɗai. A taron kwamiti wani ya tambaye shi a gaban kowa nawa aka ba shi. Ya tashi, ya ajiye mabuɗin ma'ajiyar siminti a kan tabarma, ya fita. Bai sake taka wurin ginin ba. Masallacin ƙofar gida kawai yake zuwa, shi ma sai an tada salla.

Na rubuta maka cewa ka goge. Ka gaya mini yadda aka yi.

Hassana.

*

Yamai, watan Afrilu

Zuwa ga Yayata, Madam diraktiris ta gobe in Allah ya yarda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu gaisuwar ban haƙuri. Inna jikin ya ɗan motsa, ƙafarta ta kumbura, muna zuwa likita duk mako. Ban gaya mata wannan magana ba, kuma ina roƙo kada ta ji.

Yaya, takardarki ta tayar mini da hankali, na kasa cin abinci. Amma ki saurare ni. Takardar da kika ce kin aiko a Disamba ba ta zo hannuna ba. Kin san Bashir, wani lokaci yakan bar saƙo a tasha wurin mai shayi. Da na ga cewa Kawu ba ya so, da ban tura ba.

Ni abin da nake da shi a hannu shi ne maganarsa da ke da kanki kika rubuto: ya ɗauki abin da ya ga dama. Ga kuma takardar da ya dangwala, wadda ta ba ƙungiya izinin amfani da hotonsa a duk inda ta so. Ban ce masa ta sunaye ce kawai ba, na ce har da sunaye. Wataƙila hayaniyar ganguna ce ta hana shi ji.

Rubutun ƙasa ba ni na yi ba. Mutanen ofishinmu na Turai ne, ba su san Damargu ba, sun ga tsoho da igiya suka rubuta abin da suka saba. Amma Yaya, ki duba ɗaya gefen. Hoton nan ya taɓa zukatan mutane fiye da duk wanda muka taɓa fitarwa. Rijiyoyin da za a haƙa da abin da ya jawo, mutanenmu ne za su sha. Kawu mutum ne mai son sadaka. In kika yi masa bayani a hankali zai gane cewa wannan ma sadaka ce.

Surutun gari kuma kwana kaɗan ne, zai wuce.

Ƙanenki mai ganin girmanki, Abdulgafar.

*

Ollelewa, watan Mayu

Abdulgafar,

Allah ya ba Gwaggo lafiya. Ba za ta ji daga bakina ba.

Ka koma ka duba yadda ka buɗe takardarka. Madam diraktiris. Mutum biyu ne a duniya suka san wannan magana, ni da sufeto, kuma har yau takardar ba ta fito ba. Wuri ɗaya na rubuta ta: a cikin takardar Disamba, layi kaɗan sama da saƙon Baba. Albishir ɗin ya iso ka, ka riƙe shi har ka yi mini kirari da shi. Saƙon tsohon ne ya ɓace a wurin mai shayi.

Na zauna da takardar a cinyata na rasa abin da ya fi mini ciwo. Har ranar ina ce wa Aliyu kada ya zage ka, ina cewa yaro ne, an fi ƙarfinsa a ofis. Kuma ka ɗora wa Bashir, mutumin da ke ɗaukar mana saƙo ba ya karɓar ko ruwa.

Ka ce Baba ya ce ka ɗauki abin da ka ga dama. E, ya faɗa. Haka ake ce wa ɗa in ya zo gida. In na ce maka gida gidanka ne, sai ka ɗaga labulen ɗakin barcina? Kai ba Bature ba ne, ka san abin da maganar take nufi. Kuma sadaka mai ita ne ke bayarwa da hannunsa. Baba ya ba da doki. Bai ba da mutuncinsa ba, ɗauka aka yi.

Na je Tanut. Wani magatakarda a kotu, mijin wata abokiyar aikina, ya saurare ni. Ya ce takardar da aka sa mutum ya dangwala ba a karanta masa da harshen da yake ji ba, ana iya ƙalubalantarta. Ya ce ko da izinin ya inganta, izinin nuna fuskar mutum ba izinin yi masa ƙarya ba ne. Ya taimake ni na rubuta wa shugabar ƙungiyarku da Faransanci. Na faɗi ko wane ne Malam Dodo, na faɗi abin da ya bayar da dalilin bayarwar, na ce ya hana hoton tun kafin ya fita, kuma mai hoton ya sani. Takardar ta tafi tun makon jiya. Na gaya maka ne don ni ba na yin abu a bayan darni.

Hassana.

*

Yamai, watan Yuni

Yaya Hassana,

Ina gaisuwa. Inna tana kwance a likita, sun ce wataƙila sai an yanke yatsun ƙafar. Ni ke kwana wurinta.

Na karanta takardar Disamba, gaskiya ne. Amma a lokacin shugabata ta riga ta ga hoton, ta kira kowa ya zo ya gani, ta ce shi za a sa a gaba. Ni da aka ɗauka aikin gwaji, ban taɓa jin an ambaci sunana a ofis ba sai ranar. Na ce a raina wa zai gani a Ollelewa, garin da ko kira ba ya shiga?

Yanzu an dakatar da ni. Sun cire hoton daga shafinsu, amma an riga an buga shi a takardun neman taimako a ƙasashe da yawa, kuma lauyansu yana tsoron ƙara. Ya ce hanya ɗaya ce. In Kawu ya sa hannu a sabuwar takarda cewa ya yafe abin da ya wuce, ba zai kai ƙara ba, za su gyara rubutun, su faɗi gaskiyar abin da ya yi, su aiko da takardar ban haƙuri da za a karanta a gari. Ni kuma su bar ni a aiki. In ya ƙi, za su ce laifin nawa ne ni kaɗai, su sallame ni. Inshorar aikin ce ke biyan maganin Inna.

Ga takardar nan a ciki, da Hausa da Faransanci. Na so in kawo da kaina, amma ba zan iya barin Inna ba, kuma gaskiya ban san da wane ido zan dubi Kawu ba. Ke yake saurare. Don Allah, don zumunci, Yaya.

Abdulgafar.

*

Ollelewa, farkon damina

Abdulgafar,

An yi ruwan shuka, mun shuka. Baba lafiya. Allah ya tashi kafaɗun Gwaggo.

Na yi niyyar in maida maka takardar ba tare da ya gani ba. Na ajiye ta cikin akwati har Bashir ya yi sawu biyu. Sai na ga in na yanke masa hukunci ban tambaye shi ba, na zama kai. Na same shi da hantsi yana gyaran ƙotar hauya, na zauna na karanta masa taka wasiƙar, sannan ta lauyan, kalma kalma. Inda bai gane ba ya ce in maimaita, na maimaita.

Ya ce, "Shi da kansa bai zo ba?"

Na ce bai zo ba.

Ya ce, "In na ƙi fa?"

Na ce za su kore ka. Na kuma gaya masa ra'ayina, na ce Baba kada ka sa. Na ce masa, "Ban haƙurin nan ba don kai aka yi shi ba, don tsoron kotu ne, kuma da ba a dakatar da Abdulgafar ba da har yau yana cewa takarda ta ɓata."

Ya ce ya sani. Ya ci gaba da fiƙe ƙotar har na ɗauka ya gama magana. Can ya ce, "Yagana ce ta goye ni shekarar da uwata ta rasu. Ita kanta ba ta fi tulu tsawo ba." Ya aika a kira liman da mutum biyu na kwamiti, har da wanda ya tambaye shi nawa aka ba shi. Ya sa na sake karanta komai a gabansu, da taka wasiƙar inda ka ce ka karanta ka yi shiru. Mutumin ya sunkuyar da kai bai ɗago ba. Sannan Baba ya sanya babbar riga, ya naɗa rawani, ya dangwala.

Ga ta nan a ciki. Aikinka ya tsira.

Ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in sassauta. Ya ce, "Ki gaya wa ɗan Yagana ba shi na ba, uwarsa na ba. Ranar da Allah ya yi mata sauƙi ta zo, ɗakinta na nan. Shi kuwa in hanya ta biyo da shi Ollelewa, akwai masaukin baƙi a gidan maigari. Kuma ya gaya wa iyayen gidansa, tsohon nan da suka nuna wa duniya yana bara, yau ƙofarsa aka zo roƙo, kuma bai mai da kowa hannu wofi ba."

Wannan nasa ne. Nawa gajere ne. Labarin jikin Gwaggo ka riƙa ba Bashir da baki, zai gaya mana. Kada ka sake rubuto mini.

Hassana Dodo.